Malam Surajo, Mai Kashe Injunan da Bai Taɓa Gani Ba

Ƙarfe bakwai da kwata yake isowa. Masu shaguna a layin bayan tashar Tudun Wada sun san ƙarar babur ɗinsa tun kafin ya shawo kwana. Zai kafe shi a gindin darbejiya, ya tsaya su gaisa da mai shayi, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya buɗe ofis. Ba ya fara taɓa kwamfuta. Sai ya ɗauki tsumma da bokiti ya hau tsani, ya goge faifan sola shida da ke kan rufi. Shekararsa sittin da biyu. Mun yi magana a kan wannan tsani har mun gaji. Amsarsa ba ta canzawa: faifai mai datti rabin wuta yake bayarwa.

In ya sauko ya wanke hannu, sai ya zauna ya sa tabarau, ya buɗe wani shafi mai jerin sunaye. Yana bin su da yatsa yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai duba awaki a garke. "Wannan yana aiki. Wannan ma. Wannan zaman banza yake yi." Sai ya kashe shi.

Abin da yake kashewa ba a Tudun Wada yake ba, ba ma a Nijeriya ba. Manyan kwamfutoci ne da ke jere a wani katafaren gida a ƙasar waje, waɗanda ake bayarwa haya ga duk mai so, ana biya gwargwadon sa'o'in da aka bar su a kunne da yawan abin da aka ajiye a cikinsu. 'Yan boko suna ce wa wannan tsari girgije. Malam Surajo Riruwai bai taɓa ganin injunan nan da idonsa ba, bai taɓa hawa jirgin sama ba. Amma da ba don yadda ya kula da su ba, da manoma da makiyaya dubu goma sha ɗaya sun rasa wurin kai tambayarsu.

A ƙarshen watan da ya wuce ya ajiye aiki. Ni ne sakataren Ƙungiyar Rani da Damina, ta manoma da makiyayan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma shekara goma sha shida teburina yana kallon nasa. Na ga ya dace in faɗi abin da na gani, har da wanda ba ya yi mini daɗin faɗi.

Mahaifinsa haƙar kuza ya yi a Riruwai har ƙarfinsa ya ƙare. Shi kuwa ya koyi tafireta, ya yi shekara da shekaru yana buga wa mutane takardu a bakin kotu. Da ƙungiya ta ɗauke shi, mai buga wasiƙu ta ɗauka. Kwamfuta kuwa yana da shekara arba'in da shida ya fara taɓa ta, da yatsa biyu, yana bugunta da ƙarfi kamar zai fasa madannan.

A 2019 wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta kafa mana abin da mutane suka raɗa wa suna layin tambaya. Manomi a Ɗansoshiya ya ga tsutsa a masararsa, sai ya ɗauki hoto ya turo, ko ya yi magana da bakinsa in ba ya rubutu. Malaman gona huɗu da likitan dabbobi ɗaya suna gani a wayoyinsu, su ba da amsa da murya. Injiniya Ilham ce ta gina shi, mace mai kamfaninta a Kano, wadda ta san aikinta. Masu agaji suna biyan kuɗin hayar injunan da dala, mu ba mu ma san nawa ba ne. Aikin Malam Surajo a lokacin shi ne rubuta sunayen sababbin manoma kawai.

Ƙarshen 2023 wa'adin masu agaji ya cika, suka miƙa mana komai suka tafi. A lokacin ne kuma naira ta faɗi warwas. Takardar kuɗin haya ta farko da ta zo mana, da aka juya ta zuwa naira, ta fi albashin ma'aikatanmu duka in an haɗa.

Aka kira taron kwamiti a Kiru. Babu wanda ya ɗaga murya, domin babu abin musu. Shugabanmu, Alhaji Ɗanliti, ya ce duk wanda ya yarda a rufe layi ya ɗaga hannu. Mu tara ne, mu tara muka ɗaga. Ni ne na biyu wajen ɗagawa, kuma ni na kawo shawarar tun farko.

Malam Surajo ba ɗan kwamiti ba ne. Yana gefe yana rubuta abin da aka tattauna. Sai ya ajiye biro.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi tambaya?"

"Bismilla, Malam."

"Wannan kuɗi da ake nema, kuɗin mene ne da mene ne?"

Alhaji ya dube ni. Na dubi takardar. Shafi huɗu ce da Turanci, layi bayan layi, ban iya fassara ko ɗaya ba.

"To ranka ya daɗe," in ji shi, "ko buhun taki ba a ƙin saye sai an san abin da ke ciki. A ba ni wata uku. In ban gane ta ba, ni zan buga takardar rufewa da hannuna."

Kunyarsa aka ji, ba yarda da shi aka yi ba. Alhaji ya ce zai ɗauki nauyin wata ukun daga aljihunsa, ba don yana sa rai ba, sai don kada a ce an hana dattijo gwadawa. A hanyar dawowa na ce masa, "Malam, ka ɗora wa kanka abin da ba fanninka ba." Ya ce, "Sakatare, tafireta ma ba da ita aka haife ni ba."

Washegari ya hau mota ya tafi Kano wajen Injiniya Ilham da takardar a cikin leda. Ita ta ba ni labarin zuwan da kanta. Ta ce ta ware masa rabin sa'a, ya kai ta la'asar. Kowane layi sai ya ce ta faɗa masa da Hausa, ya rubuta a littafi, sannan ya tambaye ta, "Wa yake amfani da shi?" Sau da yawa sai ta ce ba kowa. Masu agaji sun yi hasashen mutum dubu ɗari biyu za su shiga layin, suka ce ta yi haya daidai da haka. Waɗanda suka shiga dubu goma sha ɗaya ne. Akwai kuma wani inji da aka kunna don gwaji tun kafin a buɗe layin, aka manta da shi, yana ta ci shekara huɗu ba wanda ya leƙa shi.

"Baba, laifina ne wannan," ta ce masa.

"'Yata, ba laifi na zo nema ba. Nuna mini inda ake kashewa."

Ta nuna masa, ta kuma nuna masa inda ba a taɓawa. Daga nan kusan kullum suna waya.

Abu mafi cin lokaci shi ne hotuna. Sun kusa dubu ɗari huɗu. A ƙauyukanmu sabis yana zuwa yana ɗaukewa, manomi ya tura hoto bai ga alamar ya tafi ba, ya sake turawa, ya sake, har sau bakwai. Duka bakwai ɗin suna ajiye ana biya musu haya. Injiniya ta ce hanya mafi sauƙi a share duk abin da ya wuce shekara guda. Ya ƙi. Ya ce a cikin tsofaffin akwai hotunan burtalin shanu da aka ɗauka lokacin da dattawan manoma da na makiyaya suka zauna suka shata iyaka, kuma akwai muryar wani malamin gonarmu da Allah ya yi wa rasuwa, amsoshi sama da dubu da har yanzu mutane ke neman a sake turo musu. Sai ta rubuta masa wata 'yar manhaja da ke tara hotunan da suka yi kama da juna, shi kuma ya zauna yana dubawa da ido, ya bar ɗaya ya share sauran. Waɗanda ba a buƙata kullum ya mayar da su wata ma'ajiya mai arha, wadda in ana son abu sai an jira 'yan sa'o'i. Ya ce ai ba duk hatsi ake ajiyewa a madafa ba, don haka aka yi rumbu.

Wata uku ba ta ishe shi ya gama ba. Amma da aka koma taro, takardar ta ragu da fiye da rabi. Kafin shekara ta zagayo ta koma kashi ɗaya cikin shida. Babu wanda ya sake ta da maganar rufewa, ni ma ban tuna wa kowa ba.

A cikin wannan aiki ne Injiniya ta nuna masa wani shafi da kamfanin hayar ke kiyasta yawan hayaƙin da aka fitar wajen samar da wutar da injunanmu suka sha. Ita a wucewa ta nuna masa. Shi kuwa ya tsaya.

"Wato injunan nan da wutar gawayin kwal ake kunna su?"

"A garin da namu suke, yawancin wutar haka take, Baba. Ga ruwa da ake sha wajen sanyaya su."

"Babu inda ba haka ba?"

Ta ce akwai wani reshen kamfanin a ƙasar da yawancin wutarta daga madatsar ruwa da iska take, kuɗin kusan ɗaya ne, sai dai ƙaurar aiki ne na mako biyu. Ya kawo maganar gaban Alhaji Ɗanliti. Ina wurin. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam Surajo, hayaƙin da ke tashi a ƙasar Turawa, ina ruwan mutumin Bebeji da shi?"

Malam Surajo ya ce, "Ranka ya daɗe, kuzar da mahaifina ya haƙa, an ce da ita ake shafe gwangwanin madara. Wanda ya sha shayi da madarar nan bai taɓa ganin ramukan da aka bar mana a Riruwai ba. Ba mugu ba ne, bai gani ba ne kawai. To ni yanzu na gani. Akwai wani a can da gidansa ke kusa da inda ake ƙona gawayin, ban san sunansa ba. Kuma malamanmu na gona kullum suna cewa damina ta rikice. In da ɗigonmu a ciki, ko yaya yake, gara mu janye shi."

Alhaji ya ce a yi. Aka yi ƙaurar. Da rarar da aka samu daga raguwar kuɗin haya kuma aka sayi faifan solar nan shida, aka daina kunna janareton ofis. Saudatu, telar da shagonta ke manne da bayanmu, ta shekara biyar tana shaƙar hayaƙinsa ba ta taɓa kawo ƙara ba. Mako biyu da kashe shi ta aiko masa da hula, ta ce ta daina tari.

Zan so in tsaya a nan, amma da na yi haka ban faɗi abin da ya sa nake rubutun nan ba.

Cikin dabarun da ya yi akwai kashe injunan gaba ɗaya daga goman dare zuwa bakwai na safe. Ya duba ya ga saƙonni ba su da yawa a wannan lokaci, kuma duk wanda aka turo yana jira ne a wayar mai shi har injuna su farka, sannan ya shigo. Wata takwas aka yi haka babu wanda ya koka.

A watan Nuwamba, bayan an yi girbi, shanun wani makiyayi mai suna Abdulmumini, da ke da ruga a gefen dajin Falgore, suka ɓalle da asuba suka faɗa wata gona suka ci gyauron dawa. Duk makiyayi ya san ɗanyen gyauro dafi ne. Ciki ya fara kumbura musu. Abdulmumini ya hau wani tudu inda ake samun sabis, ya tura saƙo yana tambayar likita me zai ba su. Biyar da rabi ke nan. Saƙon bai isa wayar likita ba sai bakwai da minti biyu. Likita ya kira nan take, aka ceci biyar. Biyu sun riga sun mutu, ɗaya da ciki.

Da labarin ya iso ofis, kowa ya ce matsalar sabis ce. Shi ma Abdulmumini haka ya ɗauka, domin ya saba. Malam Surajo ya buɗe shafinsa ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo.

"Sakatare, ba sabis ba ne. Ni ne."

Na ce, "Malam, wa ya sani? Ka gyara kawai a wuce wurin. In maganar nan ta fita, makiyaya za su bar layin, kwamiti kuma zai nemi wanda zai ɗora wa."

"Ni na sani," in ji shi. "Ka ara mini mai, tankina bai cika ba."

Na bi shi, ba don jarunta ba, sai don tsoron abin da zai iya faruwa. Muka bar kwalta muka shiga hanyar daji, muka isa rugar da azahar. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Bayan doguwar gaisuwa Malam Surajo ya ce, "Malam Abdulmumini, saƙonka ya fita daga wayarka lafiya. Ni na rufe ƙofar da zai shiga, don in rage kuɗi. Ban tambayi kowa lokacin da kuke tashi ba. Da na bar ta a buɗe, da likita ya ji ka tun biyar da rabi. Na zo in faɗa maka da bakina, kuma duk abin da ka yanke na ɗauka."

Abdulmumini ya sunkuyar da kai. Yana ta juya sandarsa a ƙasa.

"Da ba ka zo ba, da ban sani ba," ya ce.

"Haka ne."

"Saniya da ajalinta. Amma wadda ke da cikin ta 'yata ce, tun tana maraƙa ta raine ta." Ya ɗago kai ya dubi Malam Surajo. "Ba na son kome a hannunka. Abu ɗaya zan ce. Ku mutanen gari kuna tsara mana abu da agogonku. Ka zauna nan kwana biyu ka ga namu."

Ya zauna. Ni na dawo a kan babur ɗinsa, na koma ɗaukarsa ranar Alhamis. Ya dawo da shafi uku a littafinsa: lokacin tatsa, lokacin fita kiwo, lokacin da mata ke tafiya tallan nono, da tuddai huɗu da ake samun sabis. Suka zauna da Injiniya suka sake tsari. Aka bar wani ɗan ƙaramin inji wanda ba ya barci, aikinsa kawai ya karɓi saƙo ya miƙa wa likita nan take, manyan kuma su farka in akwai buƙata. Abin da hakan ya ƙara a wata bai kai kuɗin buhun dusa ba. Ya rubuta wa kwamiti rahoton abin da ya faru da sunansa a sama, ya karanta da kansa. Makiyaya ba su bar layin ba. Kafin damina ta faɗi, rugage tara da ba su taɓa shiga ba suka aiko da sunayensu, kuma Abdulmumini ne ya kawo takardar.

Malam, kai ne ka koya mini cewa tsimi ba rowa ba ne, kuma mai tsimi shi ma yana iya cutar da wani in bai tambaya ba. Na ga masu rage kuɗi da yawa a rayuwata, yawancinsu daga kan talaka suke farawa, in abu ya ɓaci kuma su ce ƙaddara ce. Kai ka fara da injin da ke zaman banza, da ka yi kuskure kuma ka hau babur ka kai kanka. Icen da ke ba da inuwa ba ya shela. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba. Manomin da ya ji amsar tambayarsa a wayarsa malamin gona yake sa wa albarka, kuma daidai ne, amma bai san akwai wani dattijo a bayan tasha da ya hana a rufe masa hanya ba.

Hotunan nan dubu ɗari huɗu ba su bar shi haka ba. Tun bara ya fara matso da fuskarsa kusa da allo, ya ƙara girman rubutu, ya sake ƙarawa. Likitan ido ya ce yanar ido ce ta taso masa a idanun duka biyu, kuma kallon allo na tsawon yini ba ya taimaka masa. Ya yi wata huɗu yana koya wa malaman gona biyu duk abin da ya sani, ya bar musu littattafansa biyar, da Hausa, kowane layi na takardar haya da fassararsa da tambayar da za a yi masa. Sannan ya miƙa makulli.

Ina kira ga duk wanda aka damƙa wa kwamfutocin wata makaranta ko asibiti ko ƙungiya a wannan yanki, da ma inda ba nan ba. Ku buɗe takardar da kuke sa wa hannu kowane wata, ku nemi wanda zai fassara muku ita layi-layi, kada ku ji kunyar cewa ba ku gane ba. Abin da ba ya yi wa kowa aiki ku kashe shi, domin wani ne ke biya, wani kuma ke shaƙar hayaƙin. Kafin ku kashe kuma, ku je ku tambayi wanda ya fi kowa nisa da ofishinku.

Mun gode, Malam Surajo. A madadin kwamitin da ya ɗaga hannu, da manoma da makiyayan da ba su san ka ba, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifanka, ya sa aikin idon da za a yi maka a Kano wata mai zuwa ya zo da sauƙi. Ina roƙon mai karatu ya sa shi a addu'a.

Da na gaya masa zan yi wannan rubutu, cewa ya yi in na ga dole ne, to in rubuta labarin shanun kaɗai, sauran ba su da amfani ga kowa. Ban bi maganarsa ba, karo na farko a shekara goma sha shida. Yanzu ba ya iya karanta ƙananan baƙaƙe, don haka na san uwargidansa, Malama Zubaida, ita za ta karanta masa a tsakar gidansu a Riruwai. Malama, ki karanta masa a hankali. In kin zo wurin yabo zai ce ki tsallake. Don Allah kada ki tsallake.